Maɓalli na Uku Daga Dama

Mamuda Jatau ya ci amanar mutanen Unguwar Karofi, kuma bai ci ta da hannunsa ba, domin matsoraci ne. Ya ari yatsan wata baiwar Allah da ta shekara ashirin da shida tana aiki a ma'aikatar da yake shugabanta, ya yi ɓarnarsa da shi, sannan ya tsaya gaban mutane yana girgiza kai yana cewa tsufa ne ya kama ta.

A shekara ta 2094 babu sauran rijiya mai ruwa a Birnin Ƙirya. Duk ɗigon da ake sha daga Matata yake fitowa, wata ƙatuwar masana'anta a gabashin gari wadda ke tatsar ruwa daga iska tana tace na kwata, sannan ta tura shi cikin bututai. Kowace unguwa da rabonta. Dokar birnin kuwa a bayyane take: na'ura ba ta da ikon rufe wa kowa ruwa. Sai ɗan Adam ya danna da yatsansa, mai rabon yana zaune a gabansa. Saboda haka sau ɗaya a shekara shugaban kowace unguwa yakan hau jirgin dogon sama ya sauka a Ma'aikatar Rabon Ruwa domin a sabunta masa.

Uwani Ilu tana ɗaya daga cikin magatakarda goma sha biyu da ke hawa na ƙasa. Teburinta gilashi ne mai haske. In ta ɗora tafin hannu sai ya farka, manhajar ofis ta bayyana, a samanta kuma ga jeren maɓallai guda shida. Ma'aikata suna kiran wannan jere kanta, don ya yi kama da kantar mai shago, kowane kaya da mazauninsa. Daga dama akwai Buɗe, sai Gyara, sai Sabunta. Can ƙarshen hagu, nesa da hannu, akwai Rufe, ja wur, kuma ko an danna shi sai ya tambaya sau biyu ko an tabbata.

Uwani ta manta rabon da ta dubi kantar nan. Ba ita kaɗai ba, duk tsofaffin magatakarda haka suke, kuma da dalilinsu. Waɗanda ke zuwa sabuntawa dattawa ne. Dattijo kuwa in ya zauna zai tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya koma ya sake tambayar gida. Rashin tarbiyya ne yana gaishe ka kana kallon tebur. Don haka fuska tana wajen baƙo, baki yana amsawa, hannun dama kuma yana tafiya shi kaɗai: na ɗaya, na uku, shi ke nan. Kafin a gama gaisuwa an gama aiki.

A wannan shekarar kamfanin da ke ƙera manhajar ya kawo sabon zubi, ya ce ma'aikata ta zaɓi ɗaya cikin fasali biyu na kanta. Na farko sunansa Kafaffiya, wato yadda aka saba, maɓalli ba ya motsi. Na biyu sunansa Mai-lura. Ita wannan tana da 'yar ƙwaƙwalwa. Tana kallon abin da ake yawan dannawa a kowane irin fayil, sai ta matso da shi inda hannu ya fi zuwa, ta kuma daina tambayar ko an tabbata, tunda a ganinta abin da aka saba yi ba ya bukatar tambaya. Aka ce za a yi gwaji na mako biyu, tebur shida a kan wannan, shida a kan waccan, ranar Alhamis ta ƙarshe a jefa ƙuri'a a gaban wakiliyar majalisar birni.

Darakta Mamuda da kansa ya sauko daga hawa na shida ya raba teburan. Wannan ne ya fara tsaya wa Uwani a rai. Mutumin da sai a yi wata uku ba a ga takalminsa a hawa na ƙasa ba, yau ga shi tsaye a kanta yana murmushi.

"Malama Uwani, ke ce uwar ofishin nan," in ji shi. "Ke zan ba Mai-lura. In ta bi hannunki, ta bi na kowa. Kuma na sa a turo miki tsofaffin unguwanni, don ke kika iya da dattawa."

"To, ranka ya daɗe. Allah ya ba mu iko."

Yana hawa lif, Malam Sallau na teburin kusa da ita ya leƙo. Shi Bazazzagi ne, ita Bakanuwa, kuma shekara goma sha tara ke nan ba su bar juna sun sha ruwa ba.

"Uwar ofis! An ba ki sarauta ba rawani. Ko a aiko miki da goro daga Zazzau?"

"Riƙe goronka, ka san Zage-zagi ba ku iya kyauta ba. Ni dai ban gane wa murmushin nan ba. Yaushe rabon da mutumin nan ya kira sunana daidai? Bara Uwale yake ce mini."

"Ke dai kin cika zargi. Bakano ko gaisuwa aka yi masa sai ya laluba aljihunsa."

Ta yi dariya, amma ba ta saki jiki ba. Mako na farko duk ta riƙa satar kallon kantar. Ba abin da ya motsa. Sabunta yana nan a na uku daga dama, Rufe yana can ƙarshen hagu. Ta buɗe fayil ya fi sau tamanin, ba ta ga komai ba. Daga nan ta ji kunyar kanta, ta ce lallai Sallau ya yi gaskiya, ta koma aiki yadda ta saba.

Ranar Litinin ta mako na biyu Sarkin Karofi Haladu ya zo. Tsoho ne dogo, hannayensa sun rine da shuni har wuyan hannu, ba sabulun da zai fitar. A duk birnin, unguwarsa kaɗai ta rage da ake rini a rami irin na kakanni, karofi arba'in, kuma masu kuɗi daga ƙasashen waje suna rububin yadinsu don inji ya kasa kwaikwayon launin. Shekara goma sha ɗaya a teburin Uwani yake zama.

"'Yar nan, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Sarki. Ina gajiya? Ya mutanen Karofi?"

"Suna gaishe ki. Ya mai gidan, ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ita kuma 'yar taki mai karatun likita?"

"Saura shekara ɗaya, in Allah ya so."

Hannunta ya tafi. Na ɗaya, na uku. Tebur ya yi ɗan ƙararsa na kullum. Tsoho ya ɗora nasa yatsan shaida a gefen gilashin, shi ma bai duba ba, domin yana ba ta labarin jikansa da ya faɗa karofi ya fito shuɗi kamar aljani. Suka yi dariya, ya yi mata addu'a, ya tafi.

Washegari da hantsi ya dawo, ba sallama.

"Me muka yi miki?"

Uwani ta miƙe. "Sarki, lafiya?"

"Tun jiya da la'asar famfunanmu suka ƙafe. Na je wajen masu bututu, sun nuna mini a allonsu. Sun ce ni da kaina na sallama rabon unguwata, ga yatsana ga naki. Yau mata da bokiti suke bin Unguwar Maƙera suna roƙo. Karofi kuwa kin sani, in ba a ƙara masa ruwa ba kwana kaɗan zai mutu, kuma in ya mutu ba a tashinsa. Akwai ramin da tun ubana yana da rai ake ciyar da shi. Ki faɗa mini, me muka yi miki?"

Uwani ta buɗe tarihin aikinta na jiya. Ga shi a rubuce: Unguwar Karofi, an rufe, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyar, yatsan Uwani Ilu.

Darakta ya kira ta sama. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

"Kuskure ne, na sani. Shekaru ne, Malama, ba wanda suke bari. Amma doka doka ce. Rabon da aka sallama ya fita daga hannunmu, sai dai su ɗaukaka ƙara, ita kuwa kwana casa'in take ɗauka."

"Ranka ya daɗe, na uku na danna. Shekara ashirin da shida na uku nake dannawa."

"Kin duba?"

Ta girgiza kai.

"To kin gani. Ki bari a wuce zaɓen Alhamis, sai mu rubuta miki takardar ritaya cikin mutunci. Ba sai sunanki ya je majalisa ba."

Ta sauko ta koma teburinta. Abin da ya fi damunta, wataƙila gaskiya ya faɗa. Ta zauna ta buɗe fayil ɗin Unguwar Maƙera: Sabunta a na uku. Ta buɗe na Sabuwar Tasha: a na uku. Ta buɗe biyar, ta buɗe goma. Ba abin da ya sauya. To ta yaya hannu zai tsallake maɓalli biyu ya je ƙarshen hagu, ya kuma amsa tambaya biyu, mai shi ba ta sani ba?

Sai ranar Laraba ta iya daurewa ta sake buɗe fayil ɗin Karofi, wannan karon idonta a kan kanta tun kafin ta taɓa. Fayil yana buɗewa, maɓallai suka zame shiru kamar kifi a ruwa. Sabunta ya koma hagu. Rufe ya zo ya zauna a na uku daga dama. Ta rufe fayil ɗin, suka koma mazauninsu.

"Sallau. Zo nan."

Ya zo da tsokanarsa a baki, ya gani, ya haɗiye ta.

"Sake," in ji shi.

Ta sake. Suka bi unguwannin birni ɗaya bayan ɗaya, sittin da huɗu. Biyu ne kawai kantar ke sauya musu: Karofi da Majema. Majema kuwa mako mai zuwa ne ranar sabuntawarsu, kuma a teburin Uwani aka sa su.

Ta gangara ƙasan fayil ɗin Karofi. An rufe ƙarfe goma sha ɗaya da ashirin da biyar. Ƙarfe goma sha ɗaya da arba'in an mayar da rabon ga Rumbun Ƙwaƙwalwa, sabon ginin nan mara taga da ke bayan Majema, wanda aka cika da kwamfutoci masu shan ruwan sanyaya fiye da unguwa uku. Kowa a ma'aikatar ya ji raɗe-raɗin cewa wanda ya samar wa ginin nan ruwa shi za a naɗa Babban Daraktan yanki.

"Minti goma sha biyar," in ji Uwani. "Kai da ka nemi a sauya maka kujera, wata nawa takardarka ta yi a hawa na shida?"

"Bakwai. Har yanzu a kan ta dā nake." Ya rage murya. "Uwani, ki yi a hankali. Wannan zato ne. Zai ce inji ne ya koya da kansa, wa zai ƙaryata shi? Ki karɓi ritayarki da mutuncinki. Ni ina da 'ya'ya tara, kada ki sa ni a ciki."

"Ban sa ka ba. Ka zauna a kan kujerarka mai ƙafa uku."

Ranar Alhamis aka taru a zauren taro. An kawo tebur biyu na gilashi an ajiye a gaba, ɗaya da Kafaffiya, ɗaya da Mai-lura. Wakiliyar majalisa, Hajiya Tambaya Dikko, mace ce gajera mai tabarau, ba ta yawan magana. A yatsanta akwai zoben bincike, wanda ke ba mai shi ikon yi wa kowace na'urar gwamnati tambaya, ita kuma dole ta amsa.

Darakta ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce teburan Mai-lura sun fi sauri da kashi ɗaya cikin biyar. Ya ce birni yana gaba, ba zai jira masu jan ƙafa ba. Ya ce an sami kuskure ɗaya, abin takaici, amma na mutum ne ba na inji ba, kuma an riga an shawo kansa a cikin gida. Sannan ya tambaya ko akwai mai magana.

Ya san babu. A ma'aikatar nan ba a taɓa yin ƙaramin da ya musa wa shugaba a gaban baƙo ba. A kan wannan ya gina duk dabararsa. Magatakarda goma sha ɗaya suka sunkuyar da kai.

Uwani ta miƙe.

"Hajiya, ni ce mai kuskuren. Ba magana zan yi ba, roƙo ne. Ki zauna a teburin nan na Mai-lura."

"Malama Uwani," in ji Darakta, "wannan ba wurin..."

"Bar ta," in ji Hajiya Tambaya. Ta zauna.

Uwani ta buɗe mata fayil ɗin Maƙera. "Ki ɗora yatsa a saman na uku daga dama, kada ki danna. Me aka rubuta?"

"Sabunta."

"To ki dube ni. Ina kwana, Hajiya? Ya gida? Ya yara?"

Hajiya ta ɗaga kai, ta amsa tana ɗan murmushi, don ba yadda za a gaishe ta ta ƙi. Uwani tana gaisuwar ta miƙa hannu ta buɗe fayil ɗin Majema.

"Yanzu ki duba ƙarƙashin yatsanki."

Hajiya ta duba. Murmushin ya ɗauke. Ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi.

Darakta ya yi 'yar dariya. "Ai wannan shi ne aikinta, Hajiya. Tana koyo ne daga abin da ake yawan yi. Wanda ya duba kafin ya danna ba abin da zai same shi."

"Gaskiya ne, ban duba ba," in ji Uwani. "Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma tun da aka kafa ma'aikatar nan ba a taɓa rufe wa Karofi ko Majema ruwa ba, ko sau ɗaya. To a wajen wa ta koya? Ni ba ni da ikon tambayarta. Ke kina da shi."

Hajiya Tambaya ta ɗora zobenta a kan gilashin. "Mai-lura, me ya sa kike kawo Rufe nan a fayilolin Karofi da Majema?"

Murya ta fito daga teburin, a natse, ba fushi ba tsoro.

"Domin shi aka fi dannawa a irinsu. Na ga an danna shi sau dubu huɗu da ɗari biyu a kan fayilolin gwaji masu lambar waɗannan unguwanni biyu."

"Ina fayilolin?"

"An goge su. Abin da na koya daga gare su yana nan."

"Wa ya danna?"

"Yatsa ɗaya ne. Tebur na ɗaya, hawa na shida. Kwana tara a jere kafin fara gwaji, kullum daga ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na rana."

Tebur ɗaya ne tak a hawa na shida. Ƙarfe ɗaya da rabi kuwa lokacin da ake rufe ofis ke nan a tafi sallar azahar.

Malam Sallau, mai 'ya'ya tara, shi ne ya kasa riƙe bakinsa. "Ikon Allah. Mu kuma aka ce mana ciwon gwiwa ne ya hana oga zuwa sahu."

Mamuda ya fara magana. Ya ce gwaji yake yi. Ya ce birni yana bukatar Rumbun fiye da ramukan shuni. Ya ce da ya bi ta majalisa da an shekara biyar ana surutu. Hajiya Tambaya ba ta ko dube shi ba. Ta sa aka kira masu gadi, sannan ta juya ga magatakarda.

"An tara mu don zaɓe, za mu yi zaɓe. Masu son Mai-lura?"

Ba hannu ko ɗaya.

"Kafaffiya?"

Hannu goma sha biyu.

Kada kowa ya ɗauka gaskiya ta fito kowa ya koma gida da daɗi. Ɓarna tana da sauri, gyara kuwa rarrafe yake yi. Sai da majalisa ta zauna sau biyu kafin a karɓo rabon daga Rumbun, ruwa bai koma Karofi ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Karofi goma sha tara cikin arba'in sun mutu, har da wanda uban Sarki Haladu ya bari. Tsohon ya ji duk yadda aka yi, ya aiko wa Uwani cewa ya yafe, amma da shekara ta zagayo a teburin Sallau ya zauna.

Ita ma ba ta fita salin alin ba. An ba ta takardar gargaɗi, aka kuma kafa doka cewa magatakarda ya dubi kanta ya karanta maɓalli da baki kafin ya danna. Tana bin dokar. Dattijo yana tambayarta gida, ita tana kallon gilashi. Wasu daga cikinsu suna cewa matar nan ta yi girman kai, ba ta bayani, don ba ta ga amfaninsa ba. Mutane sun ƙera injin da zai karanci hannunsu don su huta da dubawa, ƙarshenta sun koma duba inji sun bar duban juna.

Mamuda Jatau kuwa an kore shi daga aiki, an haramta masa riƙe muƙamin gwamnati har ƙarshen ransa, kotun birni ta ɗaure shi shekara shida.